Guzurin Fataken Gwanja

Yau da mutum zai tashi daga nan kudu zuwa gida, ruwan leda da burodi sun ishe shi, don gobe war haka ya isa. Kakanninmu masu fataucin goro kuwa wata biyu zuwa uku suke yi a ƙasa daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda yau take cikin Gana. Su haye Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su bi ta Nikki da Yandi. A 1826 Baturen nan Kilafatin ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, mutum sama da dubu, maza da mata, ban da dabbobi.

To, me wannan taron yake ci?

Falke ba ya ɗaukar hatsin wata uku. Duk mangalar da ya cika da dawa, ya rage wa jakinsa wurin kanwa da jar fata da tufafin da zai sayar, ribarsa ke nan ta ragu tun bai bar gida ba. Don haka hatsi da doya a zango ake sayensu, da wuri ko da musanyar kanwa. Abin da ake ƙullewa tun daga gida shi ne wanda ba a samu a hanya, ba shi da nauyi, kuma ba ya ruɓewa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Gabun nan ma haja ne, ana sayar da shi a can. Man shanu a tandu, ruwa a salka ko gora. Da ayari ya sauka, matan da ke ciki su kafa murhu, su tuƙa tuwo har su sayar wa waɗanda ba su da mai dafa musu.

Sai guzurin ranar da ba a hura wuta, ko don ba a kai zango ba, ko don madugu ya hana saboda 'yan fashi, kuma Bargu ta yi suna a nan. Ranar sai kilishi da dakuwa da ƙuli-ƙuli. Dawon fura ba ya wuce 'yan kwanaki sai ya yi tsami, shi ya sa aka fi riƙe garin gero da aka daka da kayan yaji, a dama da ruwa a sha a tsaye. Ni a ganina wannan garin ya fi kilishi rufa asiri, domin kilishi na mai hali ne, kuma yana jawo ƙishirwa inda ruwa yake da wuya.

A dawowa lissafin ya juya. Goro ne sarki, an naɗe shi da ganye a cikin waga, ana kwancewa ana yayyafa masa ruwa ana tsince mai tsutsa. Wani lokaci ruwan da mutum zai sha ma sai ya raba da goronsa. Wanda ya fashe kuwa shi ake taunawa a kashe yunwa.

Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, goro ya koma bin dogo, aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916. Tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki, kwaki ya karɓi gurbin garin gero a buhun matafiyi.