Danja a Mararraba: Taƙaitaccen Tarihin Fitilar Ba da Hannu

Kalmar danja da Bahaushe ya laƙaba wa fitilar kan titi aro ce daga Turanci, kuma asalin ma'anarta haɗari. Wato jar fitilar kaɗai Bahaushe ya duba ya raɗa wa abin suna. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda wannan na'ura ta samu, da yadda ta warware matsalar da ta fi kowace wuya a mararraba, wato karya kwana.

A birnin Landan aka fara kafa danja, a watan Disamba na 1868, daf da ginin Majalisar Dokokin Ingila. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna John Peake Knight ne ya ƙirƙiro ta, ya kuma aro dabarar daga alamomin layin dogo. Da rana ɗan sanda kan ɗaga hannayen na'urar ko ya sauke su, da dare kuwa fitilar gas ce ke nuna ja ko kore. Ba ta yi tsawon rai ba, domin a watan Janairu na 1869 gas ya yi yoyo, fitilar ta fashe, ta raunata ɗan sandan da ke kula da ita. Ba da jimawa ba aka cire ta, aka kuma jingine batun na kusan shekara arba'in.

Yawaitar motoci a Amurka ita ta farfaɗo da maganar. A 1912 wani ɗan sanda, Lester Wire, ya ƙera fitilar lantarki mai ja da kore a Salt Lake City. Ranar 5 ga Agusta, 1914 aka kafa wata a birnin Cleveland. Sai dai launi biyu bai wadatar ba, saboda direban da ja ya riska yana tsakiyar mararraba ba shi da gargaɗi. A 1920 William Potts, ɗan sanda a Detroit, ya ƙara ruwan ɗorawa. A 1923 Garrett Morgan, baƙar fata, ya yi rajistar tasa na'urar mai tsayar da kowane ɓangare na ɗan lokaci kafin a sake ba wani hannu.

Duk da haka, kore ba ya raba gardama tsakanin mai miƙewa da mai karya kwana. A ƙasar da ake tuƙi a hannun dama, wanda zai yi dama yana bin gefensa ne kawai. Wanda zai yi hagu kuwa dole ya ratsa gaban motocin da ke tahowa, alhali su ma kore ya ba su hannu. Daga nan aka fito da koriyar kibiya: muddin tana ci, an tsayar da masu tahowa, mai kwana ya wuce shi kaɗai. Idan kore ne zalla, wajibi ne ya jira sai hanya ta yi sarari. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya ta tabbatar da ma'anar waɗannan launuka da kibiyoyi tsakanin ƙasashe. Bayan matsalar man fetur ta 1973, jihohin Amurka suka yarda direba ya yi dama ko da ja na ci, in ya tsaya ya duba, don rage ƙona mai a banza.

Mu ma wannan tarihi ya shafe mu. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama. A dare ɗaya kwanar da ke da haɗari ta tashi daga dama ta koma hagu, direbobi suka sake koyon abin da suka ɗauka sun iya.

Abin lura a nan shi ne, danja ta karɓi ikon da ke hannun ɗan sanda ta miƙa wa fitilar da ba ta da sanda, ba ta kuma san babba ko yaro ba. Ƙarfinta duka yana ga yardar jama'a. Mai kwana yana shiga mararraba ne bisa amanar cewa wanda ja ya tsayar zai tsaya. Duk direban da ya keta ja domin bai ga ɗan sanda ba, wannan amana ya ci, kuma ran wani ya jefa cikin haɗari. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.