Harajin saye da sayarwa: wa ke karɓa a Yauri, Ngaski da Shanga, kuma ina kuɗin ke zuwa?

Masuncin da ya sayi injin jirgin ruwa a Yelwa, ko ɗan tiredar da ya saro sabulu zuwa Wara, kowannensu ya biya haraji ko da bai ga mai karɓa ba. Harajin yana cikin farashin kayan ne, kuma sunansa VAT.

Kafin 1994 jihohi ne ke tattara harajin sayarwa. Doka mai lamba 102 ta 1993 ta maye gurbinsa da VAT, wanda ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100. A Fabrairun 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. Hukumar tara haraji ta tarayya ce ke karɓarsa. Gwamnatin Kebbi ba ta da hurumin ƙara shi ko rage shi. Kayan abinci na yau da kullum, irin su ɗanyen kifi, shinkafa da albasa, ba a ɗora musu VAT. Haka ma magunguna.

Ana tara kuɗin wuri guda, sannan a raba duk wata. A tsohon tsari tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun mayar da rabon zuwa 10, 55 da 35. Ke nan Yauri, Ngaski da Shanga kowace tana da kasonta.

Kuɗin da ake yanka wa rasit a kasuwa daban ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota da mahautai, da bayar da lasisin kwale-kwale, kekuna da amalanke. Ga mutanen gaɓar tafkin Kainji, wannan ne harajin da suka fi gani da ido.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, mai biyan haraji yana da tambayoyi biyu ga shugaban ƙaramar hukumarsa: nawa ya shigo daga Abuja a wannan wata, kuma nawa aka tara a kasuwa? Amsar ta biyu tana farawa ne daga rasit. Duk kuɗin da aka karɓa babu shi, da wuya a gano inda ya shiga.