Mu Leƙa Talata Mafara, Mu Ji Labarin Bakolori

'Yan'uwana mata, iyayena da yayyena da ƙannena da ke cikin gidaje, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Yau ba girki za mu yi ba, tarihi za mu taɓa. Tun da yake da yawa daga cikinmu ba mu fita sai da dalili, ko biki, ko suna, ko gaisuwar rasuwa, ko asibiti, to ki zauna inda kike, ki ci gaba da tsintar shinkafarki, ni zan kai ki Talata Mafara da baki. Wataƙila ma shinkafar da ke cikin faifanki daga can ta fito.

In kika taso daga Gusau kika miƙi hanyar Sakkwato, kika wuce Bunguɗu da Maru, to sai Mafara. Gari ne na sarauta, mazaunin Sarkin Mafara, hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma shi ne babban birnin wannan yanki. Talakawan Sarkin Burmin Bakura da na Sarkin Kayan Maradun duk suna cin kasuwarsa, wadda take cika ran Talata, har ranar ta bi garin ta zama sunansa. Abin da zai fara ɗaukar idon baƙuwa, in da rani ta zo, shi ne kore. Ko'ina a hanya ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, amma nan sai ga gonakin shinkafa shar, ga ruwa yana tafiya cikin magudanan siminti. Wannan ruwa daga madatsar Bakolori yake fitowa, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin Mafara da Maradun. Duk wadda ta gani za ta ce masha Allah. Ni ma na ce. Amma akwai labarin da ke ƙarƙashin wannan kore, kuma shi ne na kawo maku yau.

Kafin a yi dam, gulbin nan da kansa yake shayar da mutane. Da damina ya cika ya malala cikin fadama, ya bar laka mai albarka, a noma shinkafa. In ruwa ya janye kuma ƙasa tana da sauran laima, sai a shiga noman rani, a sa albasa da dankali da rogo da kayan miya. Masunta su samu nasu a tafkunan da ambaliya ta bari, makiyaya su samu ciyawa. Ba wadata ce ta a zo a gani ba, amma kowa ya san gonarsa, ya san iyakarta, ya san itacen da kakansa ya bari a tsakiyarta.

A 1969 ƙwararru na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da rahoto. Shawararsu ita ce a yi ɗan madaidaicin dam a Bakolori, a bi abin a hankali, kada a birkita yadda mutane suka saba noma. Ku riƙe wannan kalma, a hankali. To sai ga farin nan na 1972 zuwa 1974 wanda iyayenmu ba su manta ba, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur suka fara kwararo wa gwamnatin soja. Ga tsoron yunwa, ga kuɗi a hannu, wa zai tsaya jin a hankali? Aka ba wani kamfani aikin, Impresit Bakolori, wanda gwamnati ke da kashi 60 cikin 100 nasa, sauran 40 na wani reshen kamfanin Fiat ne na ƙasar Italiya. Ɗan madaidaicin dam ya koma ƙato. Aka fara gini a 1974, aka gama a 1978. Tsawon bangon ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ya taru a bayansa ya shafe hekta 8,000, aka kuma tsara shayar da hekta 23,000. Hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi, sai ki auna da gonar gidanku.

Duk wannan shiri da aka yi, ba a zauna da manoman an tambaye su ba. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Waɗanda ke bayan dam, ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu. Kimanin mutum 13,000 aka tasa, aka kai su sababbin matsugunai irin su sabuwar Maradun, a kan tudu, nesa da fadamar da suka saba. Ba a nan aka fara irin wannan ba. Dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 ya tashi mutum sama da 40,000, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa yanzu haka. Na Akosombo a ƙasar Gana ya tashi wajen 80,000. Amma Bakolori ta zo da wani abu daban, domin har waɗanda aka ce su ne za su ci moriyar aikin ba su tsira ba.

Ga yadda abin ya kasance. Kafin a kai ruwa gona ta magudana, sai an baje ƙasa ta daidaita. Saboda haka aka hana manoma shiga gonakinsu, aka shigo da katafila. Ta ture kunya, ta ture iyaka, ta ture itatuwa. Wasu suka yi shekaru ba su shuka ko ƙwaya ba, suna jiran a gama a maido masu. Da aka zo rabo kuma, ina alamar da mutum zai nuna ya ce nan ce tawa? Kukar da ke kan iyaka babu ita, tsamiyar babu ita. Wani ya samu abin da bai kai nasa ba, wani aka kai shi wani wuri, wani aka ce ya jira. Diyyar da aka yi alkawari ta yi ta jan ƙafa, ta wasu ma ba ta zo ba sam. Sannan aka ce ga abin da za a shuka, har da alkama, ga lokacin da za a shuka, ga kuɗin da za a biya.

A nan nake so mu tsaya, mu mata, domin littattafan da aka rubuta a kan Bakolori yawanci zancen maza suke yi, zancen gona da hekta da diyya. Ke da ke cikin gida kin san abin da itace yake nufi. Ɗorawa ita ce kalwa, kalwa ita ce daddawa, daddawa kuwa ita ce 'yan kuɗin da mace ke ƙullewa a bakin zane. Kaɗanya ita ce man kaɗe. Kuka ita ce miya. Tsamiya ita ce kunu. Macen da ba ta fita, da irin waɗannan take sana'a, ta ba yarinya ta kai talla, ta zuba adashi, ta tara kwanonin ɗakin 'yarta. Ranar da katafila ta kwantar da ɗorawa, maigida ya yi asarar itace ɗaya, uwargida kuwa jarinta ne ya faɗi. Kuma in rumbu ya wofinta, wa yara ke kallo da safe? Ita. Ita za ta san yadda za ta yi mudu ɗaya ya kai kwana biyu, ta sayar da akuyarta, ta sayar da tasa, ta rufa wa gida asiri. In an zo biyan diyya kuwa, mai gona ake kira. Ban ce maza ba su wahala ba, sun sha ta ƙwarai. Cewa na yi akwai asarar da mai rubuta takarda ba ya gani, saboda iyakarsa zaure.

Manoma suka yi ta kai kuka wajen hukuma tun kafin a gama aikin. A watan Nuwamba na 1979 suka fito zanga-zanga, Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Alhaji Shehu Kangiwa, ya yi masu alkawarin za a duba kukansu. Ku tuna fa, a lokacin babu Jihar Zamfara, duk ƙarƙashin Sakkwato ake, kuma mulkin farar hula na Shugaba Shehu Shagari bai fi wata biyu da kamawa ba. Aka jira. Rani ya shiga, bazara ta kawo kai. Duk wadda ta tashi gidan manomi ta san halin da namiji ke shiga in watan Afrilu ya yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa, maƙwabta na nesa suna sharar gona, shi kuwa ba shi da inda zai sa fartanya. Tura ta kai bango. Suka tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa, aiki ya tsaya.

Ran Litinin, 28 ga Afrilu, 1980, jajibirin kasuwar Mafara, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka masu. Aka buɗe wuta. Sunan ƙauyen Birnin Tudu shi ya fi fitowa a labarin wannan rana, kuma masu bincike sun rubuta cewa har gidaje aka ƙona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutum nawa suka mutu? Gwamnati ta ce ba su kai 30 ba. Waɗanda suka bi diddigi daga baya suka ce sun haura 380. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman, mutumin ƙasar Suwidin da ya koyar a can, suna cikin waɗanda suka hana maganar ta nutse. Ku dubi tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu. Ba kuskuren mutum biyar ko goma ba ne. Har yau kuma ba a haɗu a kan adadi ɗaya ba.

Ni a ganina, akwai waɗanda ba za su yi kuskuren wannan lissafi ba, su ne matan da suka shiga takaba. Ki ƙirga da kanki, wata huɗu da kwana goma daga ƙarshen Afrilu. Ya kai farkon Satumba. Wato daminar 1980 kusan gaba ɗayanta a cikin takaba suka yi ta. Azumin wannan shekara ya kama ne a tsakiyar Yuli, ƙaramar Sallah ta zo a Agusta, ka ga ke nan sun yi azumi babu mai kawo cefane, sun yi Sallah babu lalle babu kwalli, ga marayu, ga gona babu. Gidan da ke da mata biyu ko uku, rana ɗaya suka shiga tare. Mai ciki kuwa sai da ta haihu, aka yi suna babu uba. Yaran da aka haifa a wannan shekara yanzu sun haura 40, wasunsu sun aurar da 'ya'ya. Kowace unguwa matanta sun san ɗakin da aka yi zaman makoki, sun san wadda aka kai wa tuwo. Da za a shiga gida gida, mace ta zauna da mace, a rubuta sunaye, da an rage wannan gardama. In akwai tsohuwa a gidanku 'yar wannan yanki, Inna ko Gwaggo ko kakar maigida, ki tambaye ta cikin ladabi. In ta yi shiru kada ki matsa mata. In ta buɗe baki kuwa, ki sa ɗanki ko 'yarki mai zuwa makaranta ta rubuta, ko da boko ko da ajami, a adana.

Akwai kuma mutanen da ke gaban dam, can ƙasa inda gulbi ke gangarawa wajen Sakkwato. Su ba a tashe su ba, ba a harbe su ba, ambaliyar da suka dogara da ita ce ta ragu. Wani Bature masanin ƙasa, William Adams, ya yi bincike a wurin. Lissafin da aka fitar ya nuna cewa cikin hekta 19,000 na fadama, an rasa noman shinkafa a hekta 7,000, da noman rani a hekta 5,000. Mutane suka koma gero da dawa, wasu suka tafi cin rani. Wato an ɗebe shinkafa daga hannun wasu an zuba a hannun wasu, bayan an kashe maƙudan kuɗi.

To shi aikin, ya biya? Yawancin filin an tsara shi ne a kan injinan feshin ruwa, masu bukatar wuta da kayan gyara daga ƙasar waje. Zuwa 2003 waɗannan injina sun daina aiki, hekta 7,500 kacal ake nomawa cikin 23,000, da ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudana. Daga baya, ƙarƙashin wani shiri da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka shiga gyaran magudanan. Gaskiya kuma a faɗe ta, Bakolori tana ciyar da dubban gidaje. Mata da yawa a Mafara da Bakura da Maradun da turara shinkafa da surfe suke rufa wa kansu asiri, ga kifi, ga kayan miya da rani. Ba wanda ke cewa a rushe dam. Sai dai da an bi shawarar farko, an zauna da masu gona, an biya su kafin katafila ta shiga, ina ganin da an samu shinkafar ba tare da jinin ba.

Wani abin lura, tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996, garuruwan nan uku kowanne ya ba da gwamna. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Ba yanki ne da ya rasa manya ba. Duk da haka wahala ba ta bar shi ba, ta dai sake kama. A cikin ƙaramar hukumar Mafara ne 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe ran 26 ga Fabrairu, 2021, suka kwashe ɗalibai 279, Allah ya sa aka sako su bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na wannan shekara kuma suka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ban ɗora wa dam laifin wannan ba, musibu ne daban daban. Amma manomin da aka hana kakansa shiga gona saboda katafila, shi ma ya ga damina da ya kasa shiga tasa saboda tsoron daji, matarsa kuma ta sake auna mudu tana kallon yara.

Lokacinmu ya cika. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Birnin Tudu da kewaye, ya ba iyayenmu da suka riƙe marayunsu lada, ya kawo mana zaman lafiya. Uwargida, a gaida maigida. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.