Abin da ke sa allurar zafin injin mota hawa da sauka

Direbobin da ke bin hanyar Mokwa zuwa Kontagora da Yawuri, musamman a zafin watannin Maris da Afrilu, kan ga allurar ma'aunin zafi tana hawa tana sauka. Lafiyayyen inji yakan tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salsiyos, allurar kuma ta zauna kusa da tsakiya.

Abin dubawa na farko shi ne ruwan lagireto. Idan ya ragu saboda yoyon tiyo ko lalacewar murfi, iska kan shiga, allurar ta riƙa rawa. Na biyu shi ne tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama. Wasu makanikai kan cire shi gaba ɗaya, alhali musanya shi ne daidai.

Idan allurar tana hawa a cunkoso, ta sauka da an kama hanya, a zargi fanka ko ƙurar hunturu da ta toshe lagireto. Idan kuwa tsalle take yi farat ɗaya, galibi laifin waya ne ko na'urar da ke auna zafin.

Da allurar ta kai ja, a tsaya a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tururinsa na ƙona fuska da hannu. Ci gaba da tafiya a haka kan ƙona gasket, gyaran da ya fi na tiyo tsada nesa ba kusa ba.