Euophrys omnisuperstes

Euophrys omnisuperstes wani ƙaramin gizo-gizo ne mai tsalle da ke rayuwa a tsaunukan Himalaya, a yankin dutsen Everest da dutsen Makalu da ke kan iyakar Nepal da Tibet. An same shi a wuraren da tsayinsu ya kai mita 6,700 daga doron teku, don haka ake lissafa shi cikin dabbobin da suka fi kowa zama a sama. Sunansa na biyu kalmar Latin ce mai ma'anar wanda ke tsaye bisa komai. An ba da labarinsa tun bayan balaguron hawan Everest na 1924, amma bai sami suna na kimiyya ba sai a 1975.

Siffa

Macen tana kai tsawon milimita 5, namijin kuma kusan milimita 4, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba. Launinsu ruwan kasa ne mai duhu. Kamar sauran danginsa, yana da idanu takwas, biyu na tsakiyar gaba sun fi girma, kuma da su yake auna nisan abin da zai farauta. Ba ya saƙa yana don tarko. Yakan lallaɓa ne har ya matso, sannan ya daka tsalle ya cafke. 'Yan uwansa ne ƙananan gizo-gizon nan da ake gani suna farautar ƙuda a jikin bangon gidaje a Kaduna da sauran garuruwan ƙasar Hausa.

Tarihin gano shi

Richard Hingston shi ne likita kuma masanin halittu na ayarin Birtaniya da ya yi yunƙurin hawan Everest a 1924, balaguron da George Mallory da Andrew Irvine suka ɓace a cikinsa. Ya ba da rahoton cewa ya ga ƙananan gizo-gizo a cikin duwatsun da ƙanƙara ta kewaye, sama sosai da inda tsiro na ƙarshe ke fitowa. Da ya rasa abin da za su iya ci a wurin, sai ya ce junansu suke ci. Wannan bayani bai gamsar ba, domin dabbar da ba ta da abinci sai 'yan uwanta ba za ta daɗe ba ta ƙare. Saboda haka wasu suka ɗauka iska ce kawai ta kwaso su daga ƙasa ta zubar a can.

A 1954 Lawrence Swan ya bi ayarin Amurka zuwa Makalu, dutse na biyar mafi tsayi a duniya, mai mita 8,485. Ya sake samun gizo-gizon, ya kuma lura cewa suna cin ƙananan ƙudaje da wasu ƙwari masu tsalle da ke fakewa ƙarƙashin duwatsu. Su kuma ƙwarin suna rayuwa ne da ɓurɓushin tsirrai da makamantansa da iska ke kawowa daga ƙasa. Ashe abincin ne iska ke haurowa da shi, gizo-gizon kuwa mazaunin wurin ne. Daga irin wannan lura Swan ya kawo ra'ayin cewa akwai wani yankin rayuwa na daban a saman tsaunuka wanda ya dogara kacokan ga abin da iska ta kawo.

Rarrabewa da raɗa suna

Masanin gizo-gizo ɗan Birtaniya Fred Wanless ne ya yi nazarin samfuran da aka tattaro, ya wallafa sakamakonsa a 1975 a mujallar ƙungiyar masana gizo-gizo ta Birtaniya. Ya fitar da sabbin nau'o'i biyu, Euophrys omnisuperstes da Euophrys everestensis. Ya sanya su a jinsin Euophrys, wanda Carl Ludwig Koch ya kafa a 1834, cikin dangin Salticidae mai nau'o'i sama da 6,000, dangi mafi yawa a cikin gizo-gizo.

Ganin gizo-gizo a wurin da ba a taɓa ganinsa ba bai isa a ce sabon nau'i ne ba. Launi da girma suna yaudara, domin nau'o'i da yawa kamanninsu ɗaya a ido. Abin da masana suka fi dogara da shi shi ne gaɓoɓin haihuwa. A jikin namiji ana duba ƙarshen wasu 'yan hannuwa biyu da ke gefen bakinsa, a jikin mace kuma ana duba wani ƙaramin faranti mai tauri da ke ƙarƙashin cikinta. Siffar waɗannan gaɓoɓi ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, amma ba ta cika sai dabbar ta balaga, shi ya sa samfurin da bai balaga ba da wuya a tantance shi. Ana adana samfuri a cikin sinadarin ethanol, a duba shi da madubin ƙara girma, a zana shi, a gwada da bayanan nau'o'in da aka riga aka sani. In ya tabbata sabo ne, sai a ware samfuri guda a ajiye a gidan adana kayan tarihin halittu domin ya zama ma'auni ga masu bincike na gaba. A yau ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin gado. Kundin gizo-gizo na duniya, wanda ake kula da shi a birnin Bern na ƙasar Switzerland, ya kai nau'i 50,000 a 2022.

Makamancin aikin a Afirka ta Yamma

A 2002 Christine Rollard da Wanda Wesołowska sun wallafa nazari kan gizo-gizo masu tsalle na tsaunukan Nimba a ƙasar Gini, masu tsayin mita 1,752, inda suka raɗa wa wani sabon jinsi suna Nimbarus. A 2011 Wesołowska da Anthony Russell-Smith sun bayyana sabbin nau'o'i daga kudancin Najeriya, sannan a 2012 ita da G. B. Edwards suka yi nazarin na yankin Kalaba. Dutsen da ya fi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato bai kai rabin tsayin da aka sami Euophrys omnisuperstes ba.