Tarihin Sunayen Na'urori a Hausar Ƙasar Cadawa

1. Gabatarwa

Ƙasar Nijar ba ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin Ingila ba, kuma da Faransanci aka tafiyar da makarantunta da ofisoshinta tun farkon zuwan Turawa. Duk da haka, wanda ya kasa kunne ga Hausar da ake yi a Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Runji, cikin jahar Maraɗi, zai tarar da cewa tsofaffin sunayen na'urori, irin su waya da tocila da batir da rikoda da lantarki, daga Ingilishi aka aro su. Wannan maƙala za ta bi diddigin shigowar waɗannan kalmomi zamani bayan zamani, domin ta nuna cewa sunan na'ura yakan biyo hanyar da na'urar kanta ta biyo. Abin da fatake suka ɗauko daga Kano da Katsina ya zo da sunansa na Ingilishi, wanda kuwa ya fito daga ofis ko makaranta ya zo da na Faransanci. Sanin haka wajibi ne ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

2. Ƙasa da iyaka

Cadawa da Agye da Gazawa suna gabas da Maraɗi, a kan babbar hanyar da ta nufi Damagaram, Gidan Runji kuwa tana kan hanyar da ta nufi Birnin Ƙonni. Akasarin mazauna yankin Katsinawa ne da Gobirawa, kuma masarautun Maraɗi da Tsibiri sun samo asali ne daga waɗanda suka ƙauro arewa bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun shata iyaka a tsakiyar ƙasar Hausa, amma auratayya da fatauci da neman ilmin addini sun ci gaba da ƙetare ta kamar yadda aka saba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai birnin ya zama ƙofar da kayan Turai suka fi saurin shigowa ƙasar Hausa ta cikinta. Daga baya cinikin gyaɗa ya haɗa Maraɗi da Kano ƙwarai, har manyan attajiran da ake kira alhazan Maraɗi suka bunƙasa ta wannan hanya, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986. Ga kuma ƴan cin rani da suke tafiya kudu bayan girbi, su komo da tsaraba kafin damina. A cikin kayan waɗannan mutane ne na'urorin farko suka iso ƙauyuka, kowace da sunan da aka riga aka raɗa mata a kasuwar da aka sayo ta.

3. Zamanin waya da garmaho

Rukunin farko na kalmomin ya ƙunshi tangaraho da tarho da garmaho da hoto da majigi. Alamar tsufansu a bayyane take, domin sun sha Hausantarwa har mai jin Ingilishi ba zai gane su da sauƙi ba. A huɗun farko, sautin "f" na kalmar asali ya koma "h" gabanin wasalin "o", bisa ɗabi'ar harshen Hausa. Majigi kuwa, wato sinimar tafi-da-gidanka da gwamnatin mulkin mallaka take nunawa a fili a Nijeriya ta Arewa, ya samo suna ne daga wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango.

Kalmar da ta fi kowace tsawon rai ita ce waya. Da farko ma'anarta zaren ƙarfe ne kawai. Da aka ja shi bisa turaku don aika saƙo, sai aka kira saƙon waya, ofishin kuma gidan waya. Da tarho ya zo, ya gaji sunan, aka ce buga waya. Da rediyo ya bayyana, aka kira shi wayar iska. A ƙarshe sunan ya sauka kan wayar hannu, wadda babu wani zare da ya haɗa ta da ko'ina. Wato kalma guda ta yi wa na'urori huɗu hidima cikin shekara ɗari, ba tare da wata hukuma ta umarta ba.

Ba kowane suna ne aka aro ba. Abin da ake ɗora wa garmaho an kira shi faifai, saboda kamarsa da faifan da mata suke rufe ƙwarya da shi, kuma sunan ya bi faifan bidiyo daga baya. Haka nan akwatin rediyo da ƙwan lantarki, inda aka haɗa sananniyar kalma da baƙuwa.

4. Zamanin rediyo da kaset

Daga ƙarshen shekarun 1950 rediyo ya zama babbar hanyar yaɗa sababbin kalmomi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna na Jihar Arewa ya fara aiki a 1962, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Galibin ma'aikatan waɗannan tashoshi a farkon lokacinsu ƴan Nijeriya ne, kuma daga Ingilishi suke fassara labarai. Saboda haka manomin Gazawa da bai taɓa taka Kano ba ya saba da talabijin da janareta da tauraron ɗan Adam, har ma da na'ura mai ƙwaƙwalwa, tun bai ga ko ɗaya da idonsa ba.

A ɓangaren Nijar, an kafa gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda aka sake wa suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo, inda jama'ar gari suke taruwa su ji shiri, su tattauna, jagoransu ya ɗauki muryoyinsu a na'ura ya aika Yamai. Jagororin nan akasari malaman makaranta ne da ma'aikata, kuma manyeto suke kiran na'urar ɗaukar magana, da sunanta na Faransanci. Ita ce dai ɗan kasuwa yake kira rikoda. Tun daga nan aka fara samun na'ura ɗaya mai suna biyu, kowane da ajin mutanen da suka fi amfani da shi.

Kaset ya ƙara wa hanyar kudu ƙarfi. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Anace da Ɗanmaraya Jos, da wa'azin malamai, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, duk a kaset suka riƙa shigowa. Ko rufe iyaka da gwamnatin Nijeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986 bai yanke wannan zirga-zirga ba. Daga 1990, shekarar da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka kawo bidiyo da kalmomin da suka rataya da shi.

5. Lantarki da talabijin

Na'urorin da sai da wutar gwamnati suke aiki sun fi karkata ga Faransanci, domin a gidajen ma'aikata da ofisoshi aka fara ganinsu. Talabijin a Nijar ya fara ne a matsayin kayan koyarwa a 1964, da Faransanci zalla, kafin a buɗe Télé Sahel ga jama'a a 1979, shi ya sa gajeren sunan tele ya kama. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ma da Faransanci yake aiki, daga nan aka sami kuran da ampul da firigo, a gefen lantarki da ƙwai da firji. Abin sha'awa shi ne, layin da aka ja a shekarun 1990 don ba Maraɗi da Damagaram wuta daga Katsina ya taso, kuma ta Gazawa ya ratsa. Wutar ta fito daga Nijeriya, amma da yake ta hannun ofishin Nijar ta isa gidaje, da sunan Faransanci aka karɓe ta.

6. Zamanin wayar hannu

A 2001 wayar salula ta fara yaɗuwa a ƙasashen biyu kusan lokaci guda. A nan hanyoyin biyu suka haɗu a cikin na'ura ɗaya. Kamfanonin Nijar da Faransanci suke talla da aika saƙo, don haka aka sami rezo da pus. Kayan gyara da na caji kuwa da yawansu daga kasuwannin Kano ake sarowa, tare da sunayen caja da batir da mimori. Ba abin mamaki ba ne a ji mutum ɗaya ya ce babu rezo, sa'an nan ya nemi aron caja. Ita kanta na'urar tana amsa waya da salula da portabul, amma waya ce ta fi shiga bakin tsoho da yaro, mace da namiji.

7. Yadda ake gane asalin kalma

Masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. Hukumar Harshen Hausa ta Nijeriya ta Arewa ta tattara jerin kalmomin aro a 1958, Claude Gouffé ya yi nazarin aron Faransanci a karorin Hausar Nijar a 1971, Bello Salim kuma ya yi na Ingilishi a 1981. Ga kaɗan daga alamomin da suke taimaka wa mai bincike:

(a) Sunayen na'urori na Ingilishi sukan ƙare da "-a" a Hausa, kamar rikoda da caja da kwamfuta, abin da yake jawo su zuwa jinsin mace. Takwarorinsu na Faransanci sukan riƙe "r" a ƙarshe, kamar sharjar da ordinatar.

(b) Inda Ingilishi ya ba da "c", Faransanci yakan ba da "sh". Caji da sharji tushensu ɗaya, hanya ce ta raba su.

(c) Wasalin gaɓar farko yakan tona asiri, rediyo ta kudu ce, radiyo ta Yamai.

(d) Tsohon aro ba ya yarda da baƙi biyu a jere a farkon gaɓa, sai an raba su da wasali, kamar a lasifika. Haka kuma "p" takan koma "f", "v" ta koma "b", kamar a kwamfuta da bidiyo. Idan aka ji "p" ta tsira, kamar a pil ko pus, to aron sabo ne, ko kuwa ta bakin ƴan boko ya shigo.

Bayan wannan akwai tasirin karin harshen yankin, inda "f" takan zama "h" ko "hw", har a ji hitila da hwanka. Kalmar da ta karɓi wannan lafazi, ta kuma sami jam'i na Hausa, kamar wayoyi da batura da injuna, ta gama zama ƴar gida.

8. Kammalawa

Tun daga taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, an yi nisa wajen daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, amma daidaita kalmomin fasaha bai kai nan ba. Batun ya ƙara nauyi tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

Tarihin da ya gabata yana nuna abubuwa uku. Na farko, kalmar da ta shekara hamsin a bakin jama'a, kamar waya ko batir, Hausa ce, bai kamata a kore ta daga littafi don asalinta ba. Na biyu, inda suna biyu suke raye, ya dace littafin karatun manya ya sa wanda ya fi yawa a yankin, ƙamus kuma ya kawo duka biyun, domin mai karatu a Cadawa yana cin karo da rubutun Kano kamar yadda yake cin karo da na Yamai. Na uku, ƙirƙirarren suna yakan kama ne idan ya zo da wuri kuma ya yi sauƙin faɗa. Faifai da wayar hannu sun zauna daram, na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa ta tsaya galibi a bakin ƴan jarida, jama'a suka riƙe kwamfuta. Saboda haka aikin da ya kamata ya riga rubuta kowane littafi shi ne a tattara sunayen daga bakin masu gyaran waya da masu sayar da kayan lantarki a kasuwannin yankin, a rubuta kowane da lafazinsa da jinsinsa da jam'insa da garin da aka ji shi.