Tudu, fadama da bakin teku: yadda ake rarraba muhalli a yankin kogin Kwara

Kogin Kwara, wanda ake kira Isa a Nijar, ya taso daga tuddan ƙasar Gini, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4.200, ciki har da 550 a cikin Nijar, kafin ya faɗa teku a kudancin Nijeriya. Masana muhalli kan raba wuraren da tsirrai da dabbobi ke rayuwa a wannan yanki gida uku: tudu, dausayi, da bakin teku. Abubuwa uku suke dubawa: tsawon lokacin da ruwa ke zama a wuri, irin ƙasar da ke wurin, da tsirran da ke fitowa da kansu.

Tudu

Tudu shi ne inda ruwan sama ke nutsewa ko ya gangare, ba ya kwanciya. A nan ake samun jigawa mai rairayi inda ake noman hatsi da wake, da faƙo mai tauri, da ƙasa mai duwatsu kamar ta Adar. Itatuwansa masu jure fari ne: gawo, kalgo, sabara, aduwa da geza. Dajin kan tudu na yankin Kure, gabas da Yamai, yana cikin wuraren da raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma ke kiwo.

Dausayi

Dausayi shi ne inda ruwa ke kwanciya ko ya zauna kusa da saman ƙasa, ko duk shekara ko ƴan watanni. Ƙasarsa laka ce mai duhu, tsirransa kuwa bado, burgu, kacalla, goriba da giginya. Ya haɗa da fadamun kogi, tafkuna, gulabe irin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, koramun Damagaram, da kwaruruka irin Dallol Boso da Dallol Mauri.

Yarjejeniyar Ramsar, da aka sa wa hannu a Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, ta kasa irin waɗannan wurare uku: na teku da gaɓarsa, na cikin ƙasa, da waɗanda mutum ya yi, kamar madatsun ruwa da gonakin shinkafa. Nijar ta shiga a 1987 da gandun dajin W. Daga baya an ƙara wasu, ciki har da tafkunan Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa, Lasuri da Gidimuni a Damagaram, da Madarunfa a Maraɗi. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai na sauka a waɗannan tafkuna lokacin sanyi.

Bakin teku

Nijar ba ta da wannan kashi, amma ruwan kogin Kwara can yake ƙarewa. Sau biyu a rana teku kan ciko ya janye, saboda ƙarfin jan wata da na rana. Wurin da ruwan gishiri ke rufewa yana buɗewa shi ne kashi na uku. A yankin Neja Delta akwai filayen taɓo, da dajin mangurof, wato itatuwa masu saiwoyi a waje da ke rayuwa cikin ruwan gishiri. A nan kifi da jatan lande ke hayayyafa. Dajin mangurof na Nijeriya ya fi na kowace ƙasa girma a Afirka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyara ɓarnar da malalar man fetur ta yi zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Amfanin rarrabawa

Rarrabawar ce ke nuna abin da ya dace a yi a kowane wuri. Fadama kan bushe da rani har ta yi kama da filin gini, amma lakarta da tsirranta na shaida cewa ruwa zai dawo. Unguwannin Yamai da ke gaɓar kogi sun ga haka a ambaliyar 2020. Kwamitocin filaye da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 na buƙatar sanin iyakar gona, makiyaya da mashaya don raba manomi da makiyayi.

Kasoshin uku kuma a haɗe suke. Idan aka sare itatuwan tudu, ruwan damina sai ya kwaso rairayi ya cike tafki da gadon kogi. Mai son kare tafkin Madarunfa dole ya fara da tudun da ke kewaye da shi.